FILIN MATA: Matar Da Ta Hana 'Yan Wasanta Sa Kaki

 Wannan mako mun ɗan ajiye zancen girki da renon yara. Labarin wata Baturiya na kawo muku, ita da wata 'yar ƙungiya ta masu wasan kwaikwayo da ta shugabanta a birnin Landan, da wani wasa da suka yi cikin 1963 bisa Yaƙin Duniya na Farko. Kada wata ta ce ina ruwan mata da zancen yaƙi. Duk sojan da ya faɗi a fagen fama, wata ce ta haife shi, wata kuma za a kai wa labari.

Sunan matar Joan Littlewood. An haife ta a Landan cikin 1914, watau shekarar da yaƙin ya tashi, a gidan talakawa. Cikin 1945 ita da abokan aikinta suka kafa ƙungiyar da suka sa wa suna Theatre Workshop. Shekara takwas suna yawo gari gari da tsohuwar mota, suna wasa a ɗakunan taro da makarantu, masu kallonsu kuwa galibi masu haƙar kwal ne da ma'aikatan masaƙu. Sai cikin 1953 suka sami wani tsohon gidan wasa a Stratford, wata unguwar talakawa a gabashin Landan. Gidan duk ya lalace. Su da kansu suka share shi, suka yi masa fenti, da yake kuma ba su da kuɗin hayar ɗaki, waɗansunsu can cikin ɗakunan sake tufafi suke kwana. Ku dubi irin mutanen da suka ɗauko maganar da manya suka yi shekaru suna kewaya ta.

Asalin wasan daga wani maraya ya fito. Akwai wani ma'aikacin gidan rediyon BBC, ana ce da shi Charles Chilton, wanda aka kashe ubansa a Faransa cikin 1918 yana jariri, bai san fuskarsa ba. Da ya girma ya tafi garin Arras neman kabarin uban. Bai sami kabari ba. Abin da ya tarar shi ne wani dogon bango, an rubuta sunayen mutum wajen 35,000 waɗanda ba a san inda gawarsu take ba, sunan ubansa yana cikinsu. Abin ya tsaya masa a rai, har ya tattara waƙoƙin da sojojin wancan yaƙi suka riƙa yi, ya shirya su a rediyo. Gerry Raffles, manajan ƙungiyar kuma abokin zaman Joan, ya ji shirin, ya ce lalle wannan ya isa a yi wasa da shi.

Joan ta yarda, amma da sharaɗi. Ta ƙi jinin kaki, ta ce ba mai sa shi a dandamalinta. Sai aka ɗinka wa 'yan wasan fararen riguna masu tuntu baƙi, irin na masu ba da dariya a bakin teku a Ingila, kamar dai a ce 'yan kama a wurinmu, in za su fito a soja sai su ɗora hular kwano bisa kai. Sunan wasan ma ba'a ce: Oh, What a Lovely War! watau kamar a ce, “Kai, yaƙin nan da daɗi yake!” Aka fara nuna shi ran 19 ga Maris, 1963.

To, ga yadda abin yake. 'Yan wasa suna ƙasa suna rawa da waƙa da barkwanci, ana ta dariya. Akwai wani saje mai koya wa kurata fareti, yana ta daka musu tsawa da wani yare wanda ba mai jinsa, mutane har da riƙe ciki. A bayansu kuwa majigi yana haska hotunan yaƙin na gaskiya, mutane kwance cikin laka. Can bisa kansu kuma an kafa wani allo mai ƙananan fitilu, rubutu yana gudu a kansa, yana faɗin wurin da aka gwabza, da yawan mutanen da aka rasa, da faɗin ƙasar da aka ci, wadda sau da yawa ba ta taka kara ta karya ba. Mutum yana cikin dariya sai idonsa ya kai ga allon, sai dariyar ta maƙale masa a wuya. Ku tuna fa, a 1963 da yawa daga cikin waɗanda suka yi yaƙin suna nan da rai, tsofaffi 'yan shekara 65 zuwa 70, waƙoƙin kuwa nasu ne, su suka rera su cikin ramuka.

Lissafin da ke bisa allon ba ƙage ba ne. Ran 1 ga Yuli, 1916, ranar da aka fara gwabzawa a bakin kogin Somme, sojan Ingila 57,470 suka faɗi, tsakanin matattu da masu rauni da waɗanda suka ɓace. Waɗanda suka mutu a wannan yini ɗaya su 19,240 ne. Aka ci gaba da wannan karo har tsakiyar Nuwamba, ƙasar da aka ci kuwa ba ta wuce mil shida ko bakwai ba.

Ni a ganina dabarar Joan ta fi ta masu sa kaki da zuba jan ruwa a ce jini ne. In ɗan wasa ya faɗi yana shure-shure, mai kallo ya san ƙarya ce, anjima zai tashi ya karkaɗe rigarsa. Kuka kuwa yakan wanke zuciya, mutum ya share hawaye ya tafi gida ya yi barcinsa. Amma lissafi ba ya tashi ya karkaɗe riga.

Yanzu ga wurin da ya shafe mu. Cikin wasan akwai inda wata mawaƙiya take fitowa, ta ci ado, tana yauƙi, tana yi wa samari waƙa mai daɗi, tana nuna musu cewa duk wanda ya shiga soja shi ne namiji a wurinta. Samari suka yi ta rububin ba da suna. Wannan ma daga abin da ya faru aka ɗauko shi. Har zuwa 1916 ba a tilasta wa kowa shiga soja a Ingila, sai wanda ya kawo kansa, saboda haka hukuma ta dogara ga zuga, ta kuwa gane ba zugar da ta kai ta mace. Aka manna takardu a bango da hoton uwa da 'ya'yanta suna leƙe ta taga, sojoji suna wucewa, an rubuta wai matan ƙasar sun ce a tafi. Wani tsohon hafsan jiragen ruwa, Charles Fitzgerald, ya tara 'yan mata a garin Folkestone cikin Agusta 1914, ya sa su riƙa miƙa wa duk saurayin da suka gani ba kaki farin gashin tsuntsu, alamar cewa shi matsoraci ne. Abin ya bazu ko'ina cikin ƙasar. Aka miƙa wa sojojin da suka zo hutu cikin kayan gida, aka miƙa wa waɗanda aka sallama saboda rauni, har sai da hukuma ta yi musu wata lamba ta azurfa da za su maƙala a riga don a ƙyale su. Aka miƙa wa yara waɗanda tsawo ya ruɗi mutane da su. Doka ta ce sai ɗan shekara 19 za a kai shi fagen fama a ƙetare, amma yara da yawa sun ƙara wa kansu shekaru don kunya. Kafin ƙarshen 1915 mutum wajen 2,500,000 sun ba da sunansu.

Baki shi ke yanka wuya, in ji Hausawa. Mu ma nan mun san abin da guɗa take yi wa namiji. Ɗan dambe da ya ga alamar ba zai iya ba, in ya ji guɗa daga wajen mata sai ya koma fage. Yaron da aka ce masa rago a gaban 'yan mata, sai ya aikata abin da uwarsa za ta yi shekaru tana kuka a kai. Ban ce kare ƙasa laifi ne ba, sojan da ya tsaya don mutanensa su yi barci ya cancanci girma da addu'a. Abin da nake nufi shi ne, wadda za ta zuga ɗan wata, ta fara tambayar kanta ko ta san inda za a kai shi, da dalilin kai shi.

Amma kada mu ɗora wa matan Ingila laifin da ba nasu ba. A 1914 ko ƙuri'a ba su da ikon jefawa a zaɓen majalisar ƙasa, sai a 1918 aka ba waɗanda suka kai shekara 30. Ba wanda ya shawarce su da za a shiga yaƙin, sai da aka bukaci murya mai zaƙi aka tuna da su. Sa'an nan kuma su suka sha ɗacin. An yi wata dabara ta tara samarin gari ɗaya cikin bataliya ɗaya, wai don aboki ya tsaya kusa da abokinsa. Na garin Accrington da kewayensa, su wajen 720 suka fita daga rami a safiyar nan ta Somme, 584 aka kashe, ko aka yi musu rauni, ko suka ɓace. Ku auna ƙaramin gari da irin wannan labari ya iso masa cikin mako guda, layi bayan layi ba gidan da ba a makoki ko zaman zullumi. Waɗansu matan kuwa da ransu suka biya. Dubbai sun shiga ma'aikatun harsashi, gubar da ake ɗurawa cikin harsashin igwa ta mai da fatarsu rawaya kamar an shafa musu gangamau. A wata ma'aikata da ake kira Barnbow, kusa da Leeds, wani ɗaki ya fashe cikin Disamba 1916, mata 35 suka mutu, aka kuwa hana jaridu bayyana abin da ya faru don kada abokan gaba su ji.

Wasan ya yi suna ƙwarai. Daga Stratford aka kai shi manyan gidajen wasa na tsakiyar Landan, ya ƙetare zuwa Amurka cikin 1964, aka mai da shi fim cikin 1969. Ba kowa ya so shi ba. Masana tarihi da dama sun ce an zalunci manyan hafsoshi a ciki, musamman Janar Douglas Haig, an mai da su wawaye marasa tausayi, alhali rundunar da ya jagoranta tana cikin waɗanda suka karya Jamus a 1918. Suna da gaskiyarsu, wasa ba littafin tarihi ba ne, Joan kuwa ba ta taɓa ɓoye cewa tana bayan talaka ba. Amma ban ji wanda ya ce matattun nan na Somme ba su mutu ba. Ita dai bayan rasuwar Gerry Raffles cikin 1975 ta bar aikin wasa, ta koma Faransa da zama, ta rasu cikin 2002. An kafa mutum-mutuminta a ƙofar gidan wasan nan da ta share da hannunta.

Wannan yaƙi bai tsaya ƙasar Turai ba, har gidajenmu ya shigo. Sojan Nijeriya, waɗanda Hausawa suke da yawa cikinsu, har ma da Hausa ake ba su umurni, sun yaƙi Jamusawa a Kamaru daga 1914. Aka ci Garwa cikin Yuni 1915, dutsen Mora kuwa bai sallama ba sai Fabrairu 1916. Daga nan aka ɗebe su a jirgin ruwa zuwa Afirka ta Gabas, inda suka sha yunwa da zazzaɓi, suka kuma yi hasarar mutane da yawa a wani wuri da ake kira Mahiwa cikin Oktoba 1917. Ban da su akwai masu ɗaukar kaya, waɗanda ko bindiga ba a ba su ba, cuta da gajiya suka yi ta kashe su a hanya.

Charles Chilton bai sami kabari ba, amma ya sami suna a bango. 'Ya'yan Afirka da yawa ko wannan ba su samu ba. Cikin 2021 hukumar da ke kula da kaburburan sojan Ingila da na ƙasashen da ta mallaka ta fito da rahoto, ta ce aƙalla mutum 116,000, watakila ma har 350,000, galibinsu mutanen Afirka ta Gabas da Masar, sun mutu a wancan yaƙi ba a rubuta sunansu ko'ina ba. Ministan tsaron Ingila na lokacin, Ben Wallace, ya tashi a majalisa ya nemi gafara. Shekara fiye da ɗari ke nan bayan iyayensu mata sun gaji da duban hanya.

Saboda haka ga roƙona. Malamai mata masu shirya wa 'yan makaranta wasan ƙarshen shekara, ga abin wasa a hannunku, ba ya bukatar kaki ko bindigar katako, allo da alli sun isa. Ku kuma sauran 'yan'uwa, ku tambayi tsofaffin gidajenku tun suna nan. Duk wadda ta ji an ce wani kakanta ya tafi yaƙin Kamaru, ko Afirka ta Gabas, ko yaƙin Bama da ya biyo baya, bai komo ba, ta rubuto mana sunansa da garinsu ta hannun Edita. Ta haɗa da sunan matar da ya bari, da yadda ta yi ta riƙe 'ya'yan. In sun taru za mu buga su a wannan fili.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.