Alamomin Wasan Ces Sun Cancanci Kulawa

Tun shekarar 1991 tsarin Unicode ya ware wa 'ya'yan wasan ces gurbi goma sha biyu, shida farare shida baƙaƙe, daga U+2654 zuwa U+265F. Amfanin wannan a bayyane yake. A rubutun wasa, Bature ɗan Ingila yana sa N a madadin doki, Bajamushe ya sa S, Bafaranshe ya sa C, amma da zarar an sa ♘ kowa ya gane ba tare da tafinta ba. Matsalar tana wajen nunawa. Unicode lamba kawai yake bayarwa, zanen kuwa yana hannun masu ƙera salon haruffa, kuma da yawansu ba su damu ba. Idan salon da ke wayarka ba shi da alamar, sai ka ga akwati fanko, irin wanda mu Hausawa muka sha gani a gurbin ƙ da ɗ. Abin da ya fi damuna shi ne baƙin ƙaramin soja, ♟, wanda aka mayar emoji a 2018. Shi kaɗai aka yi wa haka cikin goma sha biyun, don haka a wasu wayoyin yakan fito da kauri da girma dabam, ya karkatar da jerin allon gaba ɗaya. Akwai magani, wato lambar U+FE0E da ke tilasta masa siffar rubutu, amma mai koyar da yara ta WhatsApp ina zai san wannan? Kamfanonin waya su gyara tun daga tushe, alamomin nan su fito da girma ɗaya.