Hoton Da Ba Shi Da Suna Maraya Ne



Maganar yau da mu take, 'yan kudancin Katsina, musamman 'yan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, amma duk wanda tsautsayin da ya same mu ya leƙa garinsu shi ma ya matso kusa. Zargi muka zo da shi, kuma ba za mu shafa masa zuma ba. Tarihin gidajenmu yana ƙonewa, gara tana cinye abin da wuta ta rage, alhali da yawa daga masu riƙe da alƙalami sun ba shi baya, suna ta ƙaga labarin attajirin Abuja da ya kai amaryarsa Dubai.

Ku ɗauki waya ku rubuta sunan Ƙanƙara a Google, ku danna wajen hotuna. Yaran Makarantar Sakandaren Kimiyya za ku fara gani, waɗanda aka kwashe daren Juma'a 11 ga Disamba 2020, aka sako 344 bayan kwana shida, ƙafafu duk ƙura. Ku rubuta Faskari, labarin kisan Kadisau na watan Yunin 2020 zai tare ku. Ku rubuta Sabuwa, za ku ci karo da matan nan 'yan rakiyar amarya da aka tare a hanyar Damari a Fabrairun 2024. Abin da duniya ta ajiye a kanmu ke nan. Jikan da zai nemi asalinsa nan da shekara hamsin, in wannan kaɗai ya tarar, zai ɗauka kakanninsa ba su taɓa yin komai ba sai gudu da jana'iza.

Alhali akwai wata shaidar, tana nan cikin adakar iyayenmu mata, a ƙarƙashin gado, an naɗe ta da tsohon ɗankwali. Akwai hoton malam ranar da ya sauka daga Hajji, da na 'yan ajin farko na UPE a 1976 sun jeru da allunansu. Akwai hoton Sallah a ƙofar fadar Sarkin Pauwa ko ta Sarkin Yamma, da na saurayi ya jingina da sabon kekensa bayan an sayar da auduga, da na amarya a gaban jerenta. Tare da su akwai rasit ɗin haraji, katin gayyata, tsohon fasfo, wasiƙar ajami daga ɗan ci-rani, da kaset ɗin da wani ya aiko da muryarsa daga Makka. Waɗannan su ne hujjar cewa a garuruwan nan an yi arziki, an yi ado, an yi dariya. Duk garin da aka tasa, wannan hujjar tana cikin abin da ke salwanta, don mai gudun tsira da goyo a baya ba ya tsayawa jan adaka.

Mun san amsar da za a ba mu, don mun sha jin ta: ana ta rai wa yake ta hoto? Gaskiya ne ciki da magani da makwanci su ne gaba, kuma ba wanda ya ce a koma cikin wuta don ɗauko albam. Amma masu wannan magana galibi ba su ne ke kwana a daji ba. Suna zaune lafiya a Funtuwa ko Katsina ko Kaduna, da data a waya, suna da lokacin musun ƙwallo har tsakar dare. Aikin da muke magana a kai yini ɗaya ne da fensir. Kuma ku tambayi marayan da aka kashe wa uba yana cikin zanen goyo ko hoton uban nan abin wasa ne. Wanda aka raba da gona da shanu da gida, in aka haɗa har da fuskar iyayensa, me aka bar masa da zai nuna wa 'ya'yansa?

Akwai kuma masu cewa ai yanzu komai yana cikin waya. Wace wayar? Ita ce abu na farko da ɓarayin daji ke ƙwacewa, ita ce kuma ta farko da ake kaiwa kasuwa in ana haɗa kuɗin fansa. Memori yana mutuwa ba sallama, kuma yaro ɗaya zai iya goge shekara goma da yatsa. Masu dogaro da intanet kuwa, sun manta da watan Satumbar 2021? An katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da namu ukun nan, aka yi watanni sai mutum ya yi tafiya kafin ya kira ɗan'uwansa. Takarda tana ƙonewa, waya tana ɓata, intanet ana rufe shi. Saboda haka ba a jingina da ɗaya daga cikinsu shi kaɗai.

Sai masu kawo batun addini. Mu ba malamai ba ne, kuma malamai sun yi saɓani a kan hoton kyamara, kowa ya bi wanda ya natsu da shi. Amma ba mu taɓa jin malamin da ya hana sanin nasaba ba, tun da da ita ake zumunci, da ita ake raba gado. In fahimtarka ba ta yarda ka rataye hoto a bango ba, to ka rubuta abin da ke cikinsa, sunan kowa da na ubansa da garinsu, sa'an nan ka miƙa hoton ga ɗan'uwan da zai ajiye. Mutum ɗaya ya tattara hotunan dangi gaba ɗaya ya cinna musu ashana ba tare da shawarar kowa ba, wannan ɓarnar kayan jama'a ce.

Na ƙarshe su ne masu jiran gwamnati. Akwai Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina, akwai Gidan Arewa a Kaduna, akwai ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a can Kadunan. Ku je ku gani, za ku sami labarin sarakuna da hakimai da rahoton Turawan mulki. Ba za ku sami sunan kakarku da ta yi shekara arba'in tana sai da ƙuli-ƙuli ta aurar da 'ya'ya tara ba. Wannan ba wanda zai rubuta shi sai ɗan gida. Mu dubi Timbuktu ta ƙasar Mali. Da masu ɗauke da makamai suka mamaye garin a 2012, iyalan da suka gaji littattafai ne, da jagorancin Abdulƙadir Haidara, suka zuba dubban ɗaruruwan rubuce-rubucen hannu cikin akwatunan ƙarfe, suka fitar da su a ɓoye ta mota da kwale-kwale zuwa Bamako. Adaka irin ta iyayenmu ce ta ceci wannan dukiya.

To amma ceto hoton rabin aiki ne, kuma a nan ne maganar ta dawo kanmu marubuta. Hoto ba ya magana. A Bamako ɗin nan an yi wani mai hoto, Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagonsa a 1948, ya ɗauki dubban mutane, ya kuma adana fim ɗin da ake wanke hotunan da shi. A 1991 an baje wasu hotunansa a birnin New York na Amurka aka rubuta cewa ba a san wanda ya ɗauka ba, sai daga baya aka bi sawu aka gano shi. Yau hotunansa suna manyan gidajen tarihi na duniya, amma yawancin mutanen da ke ciki ba a san ko su wane ne ba, don ba a rubuta sunayensu ba. Sun zama ado a bangon baƙi. Haka hoton kakanku zai zama ranar da tsohuwa ta ƙarshe da ta san shi ta kwanta dama. Kuma tsofaffinmu suna tafiya da sauri, ga hawan jini, ga baƙin cikin zama a garin da ba nasu ba.

Wanda ke shakkar abin da bakin tsohuwa ɗaya zai iya haifarwa ya nemi labarin Baba ta Karo. A Giwa, nan maƙwabtanmu, wata Baturiya mai suna Mary Smith ta zauna da ita tsakanin 1949 da 1950 tana rubuta abin da take faɗa. Baba ta rasu a 1951, littafin ya fito a 1954, kuma har gobe ana karanta shi a jami'o'in duniya don sanin rayuwar Bahaushiya da zamanin harin bayi. Baturiya ta ƙetaro teku ta saurari tsohuwarmu. Mu kuma tamu tana ɗaki ɗaya da mu, muna cewa ba mu da abin rubutawa.

Ga yadda aikin yake, ba wuya. Ka ɗauki hotunan ka zauna gaban wanda ya fi kowa shekaru a gidanku, ka kunna rikoda ta waya, ka miƙa masa ɗaya bayan ɗaya. Kada ka tambaye shi shekara da lamba, ba haka suke lissafi ba. Tambaye shi ko kafin a koma tuƙin hannun dama ne, wato 1972, ko bayan an daina fam da sule an koma naira, 1973, ko shekarar da aka kashe Murtala, 1976, ko bayan an ba Katsina jiha, 1987. Daga nan ka rubuta a bayan hoton da fensir mai laushi, ban da biro, don tawada tana ratsa takarda. Ka sa cikakken suna da laƙabi, da sunan uba, da gari, da dalilin ɗaukar hoton. In garin ya tashi, ka rubuta sunansa da na unguwanninsa da inda rijiya take da inda masallaci yake, don wata rana wannan rubutun ne kaɗai taswirarsa.

Kada ka kai tsohon hoto a liƙe shi da roba mai zafi, in ya lalace a ciki ba ya fitowa. Ban da salatif, ban da gam. A sa farar takarda tsakanin hoto da hoto, a ɗaga akwatin daga ƙasa saboda gara da laimar damina. Ka ɗauki kowane hoto da waya a inuwa mai haske, gaba da baya. In za ka tura ta WhatsApp ka tura shi a matsayin fayil, don kada ya rage masa kyau. A yi ajiya uku: ta gida, ta wajen ɗan'uwa a Katsina ko Zariya ko Kano, da ta intanet. Wanda ke da hali ya leƙa wajen tsofaffin masu hoto na Funtuwa da Malumfashi da Ƙanƙara, ya tambayi abin da ya rage a shagunansu kafin magada su share.

Hattara guda biyu. Hoton matan gida ba a sa shi a Facebook sai da yardarsu da ta masu gidan. Kuma a halin da muke ciki, kada neman yabo ya sa ka baje hoton gidanku da shanunku da sunan unguwa, ka zama kai ne ka yi wa masu kai rahoto daji aikinsu. Ajiyewa daban, tallatawa daban.

Marubucin da ya yi wannan aikin ba asara ya yi ba. Duk mai kukan cewa labarinsa ba shi da ɗanɗano, jarumansa kamar an kwafo su daga fim ɗin Indiya, maganinsa yana cikin adakar nan. Daga hoto ɗaya za ka san irin hular da ake yayi, da sunan atamfar da aka yi anko da ita, da dalilin da ya sa wance ta tsaya nesa da kishiyarta, da ɗan'uwan da ya tafi Ikko bai dawo ba. Kwakwalwa ba ta ƙaga irin wannan, sai dai a ji shi daga bakin wanda ya gani.

Don haka aikin wannan mako hoto ɗaya ne tak. Kowa ya nemo mafi tsufa a gidansu, ya kai shi gaban dattijo ko dattijuwa, ya rubuta sunayen a baya, sa'an nan ya kawo mana shafi ɗaya a kan mutum ɗaya da ke cikinsa. Ba sai an ɗora hoton ba, rubutun muke so. Wanda nasu suka ƙone, ya rubuta hoton da yake tunawa da shi kafin shi ma ya dushe. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, kuma tsohon da za ka tambaya bai yi maka alkawarin kaiwa baɗi ba.

Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya kuɓutar da waɗanda ke hannu, Ya mai da kowa gidansa lafiya. Sai mako mai zuwa in muna da rabon ganawa.