Kafin A Rufe Mana Layi, A Ji Ta Bakinmu

Ranar 4 ga Yunin 2021 Ministan Yaɗa Labarai ya sanar da dakatar da Twitter a Nijeriya, kwana biyu bayan kamfanin ya goge wani saƙo na Shugaba Muhammadu Buhari. Ba a kai maganar majalisa ba, ba a tambayi masu sana'ar da ke tallar hajarsu a can ba. Sai ranar 13 ga Janairun 2022 aka buɗe, daga baya kuma Kotun ECOWAS ta yanke hukuncin cewa rufewar ta saɓa wa doka.

A 2019 kuwa, da aka gabatar wa Majalisar Dattawa ƙudurin taƙaita kafafen sada zumunta, an bi wata hanya dabam. A watan Maris na 2020 aka yi zaman jin ra'ayin jama'a. 'Yan jarida da lauyoyi da ƙungiyoyin farar hula suka je suka faɗi albarkacin bakinsu, mafi yawansu suka ce ba su yarda ba, ƙudurin bai zama doka ba. Wannan hanya ce muke goyon baya.

Ba mu ce a bar intanet kara zube ba. Duk mun san yadda labarin ƙarya ke yawo a WhatsApp, har ya tayar da hankalin gari guda. Haka ma da aka katse layukan waya a Zamfara a watan Satumban 2021 saboda 'yan bindiga, dalilin ba na wasa ba ne. To amma mai POS da kasuwarsa ta tsaya, da uwar da ta kasa jin muryar ɗanta, da ɗalibin da sai ya tsallaka wata jiha kafin ya duba sakamakon jarrabawa, ai sun cancanci a gaya musu kwana nawa za a ɗauka, kuma wa zai duba ko matakin ya yi amfani.

Yawancinmu ba mu kai shekara 18 ba, ba mu da ƙuri'a. Amma rubuta wa ɗan majalisa wasiƙa ba ya buƙatar katin zaɓe. Muna roƙon malamanmu na ilimin zama ɗan ƙasa su ware darasi guda su koya mana yadda ƙuduri ke zama doka, ƙungiyar muhawara kuma ta ɗauki wannan batu a zangon nan. Abin da aka cimma sai mu rubuta, mu sa hannu, mu aika wa ɗan majalisar mazaɓarmu.