Sharhi: Motoci Masu Ƙwanji a Zamanin Batir



A watan Disamban 2023, kamfanin Dodge ya dakatar da ƙera tsofaffin samfurin Challenger da Charger a masana'antarsa ta Brampton da ke Kanada. A cikin watan ne kuma Chevrolet ya fitar da Camaro ta ƙarshe a garin Lansing na jihar Michigan. Wanda mota a wurinsa abin kai shi kasuwa ce ta dawo da shi gida, ba zai ga abin magana a nan ba. Amma ga ɗimbin Amurkawa, watan ya zama kamar na zaman makoki, domin waɗannan su ne motocin da suke wa laƙabi da masu ƙwanji: mota matsakaiciya, mafi yawa mai ƙofa biyu, da aka cusa wa ƙaton inji mai silinda takwas, wanda ko a tsaye take sai ka ga gaban motar yana rawa.

Asalinsu ma da wayo aka faro. A 1964, kamfanin General Motors yana da dokar cikin gida da ta hana sa babban inji a matsakaiciyar mota. Sai wani injiniya a sashen Pontiac, John DeLorean, da abokan aikinsa suka zagaye dokar. Suka ce ai ba sabuwar mota suka ƙera ba, ƙari ne kawai da mai saye zai iya nema a kan motar Tempest. Ƙarin kuwa inji ne mai lita kusan shida da rabi, suka sa masa suna GTO. An yi tsammanin sayar da guda 5,000, sai aka sayar da sama da 32,000 a shekarar farko. A watan Afrilun wannan shekara Ford ya fito da Mustang, kafin ta cika shekara guda an sayi fiye da 400,000. Daga nan kowa ya shigo fage.

Abin da masu kewar wancan zamani ba su cika faɗa ba shi ne, arhar mai ce ta haifi motocin nan. A lokacin, galan guda na fetur, wato lita kusan huɗu, bai wuce senti 30 da ɗoriya ba. Yaran da aka haifa bayan Yaƙin Duniya na Biyu sun kai munzalin riƙe sitiyari, ga aiki, ga kuɗi a aljihu, ga sababbin tituna miƙe ɗoɗar. Wa zai tsaya lissafin abin da tanki ke sha?

Shi ya sa da mai ya yi tsada, sai suka faɗi warwas. Tun kafin nan ma, kamfanonin inshora ne suka fara tsawwala kuɗi saboda yawan haɗarin da samari ke yi da su. Dokar tsaftace iska ta 1970 ta biyo baya. Sai kuma watan Oktoban 1973, lokacin da ƙasashen Larabawa suka hana Amurka mai saboda goyon bayan da ta ba Isra'ila a yaƙin wannan shekara. Gangar ɗanyen mai ta tashi daga kusan dala 3 zuwa kusan dala 12, layuka suka cika gidajen mai, Amurkawa suka juya ga ƙananan motocin Japan irin su Corolla da Civic da Datsun. Ku riƙe wannan a rai, domin kasuwar da Detroit, cibiyar kamfanonin motocin Amurka, ta rasa a lokacin, har yau ba ta dawo hannunta duka ba.

Motocin sun sake farfaɗowa bayan shekara ta 2000, har ma suka fi na da hauka. A 2015 Dodge ya fitar da Hellcat mai ƙarfin dawaki 707, a 2023 kuma ya yi bankwana da Demon 170 mai ƙarfin dawaki 1,025. To me ya kashe su a karo na biyu, alhali masu saye ba su ƙare ba? Doka ce da lissafi. A lokacin, gwamnatin Amurka tana auna matsakaicin man da dukkan motocin kamfani ke sha, wanda ya wuce ƙa'ida a ci shi tara. Uwar kamfanin Dodge, wadda ta zama Stellantis a 2021, ta biya tarar ɗaruruwan miliyoyin daloli. Ga kuma abin kunya a filin tsere: motar Tesla Model S Plaid, mai ƙofa huɗu, wadda magidanci zai kai yara makaranta da ita, tana da ƙarfin dawaki 1,020, ba ta kuma shan ko ɗigon fetur. Injin fetur sai ya ɗauki zafi, giya ta bi giya, kafin ya ba da duk ƙarfinsa. Na lantarki kuwa, kana taka totur yake zube maka komai.

A nan ne Dodge ya yi abin da ya sa na zaɓi wannan batu. Ya ƙera sabuwar Charger Daytona mai batir, ƙarfin dawaki 670, wadda ke kai gudun kilomita kusan 100 a awa cikin daƙiƙa uku da 'yan kai. Gudu dai ba a magana. Amma injiniyoyin sun san mutanensu, sun san ba gudu kaɗai ake saye ba. Sai suka ɗaura wani akwati mai lasifika a ƙarƙashin bayan motar, daidai inda salansa take zama, suka sa masa suna Fratzonic. Ka danna maɓallin tayarwa, akwatin ya yi gurnani kamar inji ya kama. Ka taka totur, ya yi ruri. Ka ɗaga ƙafa, ya lafa. Lokacin da aka fara nuna samfurin a 2022, kamfanin ya yi alfaharin cewa ƙararsa za ta kai ta Hellcat. Babu fistin, babu hayaƙi, babu abin da ke ƙonewa. Sauti ne kwamfuta ke haɗawa. Kamar dai a je filin dambe a kunna kaset ɗin kalangu, a ce 'yan dambe su yi tsuma.

Ba su yi ba kuwa. Motar ta haura kilo 2,600 saboda nauyin batir, babbar cikinsu ta haura dala 70,000, aka bar su jibge a wurin dillalai. Mai son lantarki ya ga ba ya bukatar hayaniyar ƙarya, mai son hayaniya kuma ya ga an raina masa hankali. A ganina laifin ba na batir ba ne, na wanda ya yi wa batir kwalliya da kayan wani ne. Hujjata ita ce Ford. Da ya liƙa sunan Mustang a kan wata motar iyali mai lantarki, Mach-E, masoya sun yi ca a kansa, amma bai yi da'awar cewa ita ce magajiyar V8, wato mai silinda takwas, ba, bai kuma daina ƙera ta fetur ɗin ba. A 2024, Mach-E ta fi Mustang mai fetur kasuwa a Amurka.

Daga nan iska ta juya. Shugaban Stellantis, Carlos Tavares, ya ajiye aiki a Disamban 2024. Dodge ya fito da Charger mai injin fetur silinda shida, sashen Ram na Stellantis kuma ya fito fili ya amsa cewa ya yi kuskure da ya cire injin Hemi mai silinda takwas daga motocinsa na a-kori-kura, ya dawo da shi. A ranar 4 ga Yulin 2025 Shugaba Donald Trump ya sa hannu a dokar da ta soke rangwamen harajin dala 7,500 da ake ba mai sayen motar lantarki, ta kuma mayar da waccan tara ta shan mai zuwa sifili. Masoya rurin inji suna ta murna, sun ce sun yi nasara.

Ni dai ina ganin sun yi gaggawa. Amurka ba ita ce duniya ba. A 2024 an sayar da motocin da ake caji sama da miliyan 17 a faɗin duniya, wato fiye da ɗaya cikin kowace sabuwar mota biyar. A Sin, kusan rabin sababbin motoci ne. A Norwe, kusan tara cikin goma. Kamfanin BYD na Sin ya daina ƙera mota mai fetur zalla tun 2022. Abin da ya hana motocinsa cika titunan Amurka shi ne harajin kashi 100 cikin 100 da aka ɗora musu a 2024. Katanga ce, kuma katanga tana tsare gida ne kawai, ba ta tsare kasuwannin Afirka da Asiya da Kudancin Amurka. Wanda ya san abin da Japan ta yi wa Detroit bayan 1973 ba zai yi barci da ido biyu ba.

Mu ma maganar ta shafe mu, tunda yawancin motocin da muke hawa na hannu ne, da dama daga Amurka suke zuwa ta Legas ko Kwatano. Mun kuma ɗanɗana tamu 1973 ɗin tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta taɓa haura 1,000. Masu V6 da V8 nawa ne suka lulluɓe su da tamfol a gida? Gaskiya ne wutarmu ba ta tsaya da ƙafarta ba, amma tuni tasi masu lantarki suka hau titunan Maiduguri, babura da kekunan adaidaita sahu masu batir kuma suna shigowa.

Wanda na fi tausaya wa shi ne bakanikenmu, wanda zai ɗora tsinin sukundireba a jikin inji, ya kanga ƙotar a kunne, ya gaya maka ainihin abin da ke ƙwanƙwasa. Motar batir ba ta da filogi, ba ta da baƙin mai, kuma batirinta na ɗauke da wuta mai ƙarfin bolt 400 ko fiye, wadda ke kashe mutum nan take in ya taɓa inda bai dace ba. Don haka kiranmu ga kwalejojin fasaha da gwamnatocin jihohi da ƙungiyoyin makanikai shi ne, a fara koya wa yaran gareji aikin batir da na'urar gwaji tun yanzu, kada a jira sai an fara ɗaukar gawa.