Sunan Zango Shi Ne Jarinmu a Kasuwa



Duk wanda ya bi ta Kejetia ko Alabar a 'yan shekarun nan ya san kunne ba ya hutawa. Kowane teburi da 'yar lasifikarsa mai maimaita magana ɗaya tun hantsi har almuru. Wannan yana shelar donkomi, wancan yana cewa ka sayi biyu a ba ka na uku kyauta, wani kuma ya rubuta sidi 99 a kan takalmin da kowa ya san na sidi 100 ne. Idan mutum ya koma gida ya buɗe wayarsa, sai ya tarar kasuwar ta riga shi isa: hotunan atamfa da turare da takalma sun cika WhatsApp, 'yan mata da samari suna ɗaga kaya a TikTok, lambar MoMo tana ƙasa tana jira. Kasuwa a kai miki dole, in ji magabata. Yau kuwa ita ce take biyo mutum har cikin ɗaki.

Ba mu ɗauki alƙalami don mu la'anci wannan ba. Abin da ya sa muka yi magana shi ne ƙararrakin da ake kawowa zauren maigidanmu, waɗanda mu ne muke rubuta su a littafi. A da, yawancinsu na aure ne da gado da iyakar fili. Yanzu ciniki ya shigo sahun gaba. Wata baiwar Allah ta ga leshi a waya, ta tura kuɗi, aka kawo mata wani abu dabam, launin ma bai yi kama ba, mai kayan kuma ta ce ai hasken hoto ne. Wani magidanci ya sayi ragon layya tiɓis, kwana biyu ya saɓule, ashe gishiri aka ba shi ya yi ta shan ruwa kafin a kai shi kasuwa. Wanda ya fi ci mana rai shi ne na wani maƙwabcinmu Batone, ɗan Asante, da ya zo da kansa ya ce wani yaronmu ya rantse masa da Allah a kan cewa wayar da ya sayar masa sabuwa ce, alhali gyararriya ce. Da aka gama sulhu aka mayar masa da kuɗinsa, sai ya ce shi abin da ya sa bai buɗe wayar ya duba ba, ya ga hula a kan yaron ne, mahaifinsa kuma ya taɓa gaya masa mutanen zango ba sa rantsuwa a kan ƙarya. Zauren ya yi tsit. Babu wanda ya iya ɗaga kai a cikinmu.

Wannan yarda da mutumin yake magana a kanta tana da tarihi. Kakanninmu fatake sun yi ta keto dazuzzuka daga Kano da Katsina da sauran garuruwan ƙasar Hausa zuwa Gwanja, suna kawo kanwa da tufafi da kayan fata, suna komawa da goro. Salaga ce babbar mahaɗarsu har zuwa yaƙin basasar 1892 da ya tarwatsa kasuwar, mutane suka bazu zuwa Kete-Krachi da Kumasi da Akra da sauran wurare. Da jirgin ƙasa ya iso Kumasi daga Sekondi a 1903, sai goro ya samu sabuwar hanya ta bakin teku. Alhassan Ɗantata, wanda ya zama babban attajirin Kano kafin rasuwarsa a 1955, yana cikin waɗanda suka yi fataucin goro a wannan ƙasa a farkon al'amarinsu.

To da me waɗannan mutane suka riƙe masu saye, ba su da rediyo ba su da allon talla? Da maigida. Baƙon falke ya sauka a gidansa, a ba shi masauki da abinci, a adana masa kaya, a nemo masa mai saye ta hannun dillali, a karɓi la'ada sananniya. Idan an ba da kaya bashi, maigida ne yake tsayawa a kai. Huhun goro a ɗaure yake da ganye, ba mai kwance shi ya ƙirga ƙwarya ƙwarya a tsakiyar hada-hada, maganar maigida ake saye. Ranar da aka kwance huhu a Kano aka tarar da sankara an ɓoye ta a tsakiya, labari zai dawo tare da ayari na gaba, gidan nan kuma ya daina ganin baƙi. Tallarsu ke nan: abin da mutane suke faɗa a kanka a inda ba ka nan.

A ƙananan sana'o'i ma muna da dabarunmu, kuma ba ƙanana ba ne. Ta farko gaisuwa. Mai shago na ƙwarai ya san sunan mai sayensa, ya san an yi masa haihuwa, ya tambayi jikin tsohuwarsa kafin a ambaci kuɗi. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Ta biyu ladabin tayi. Idan aka taya ƙasa da kima, ba a ɓata rai, sai a ce albarka, mai saye ya ƙara, har a kai ga sallamawa, kowa ya tashi da mutuncinsa. Ta uku gyara. Mai ƙosai ta ƙirga na kuɗinka ta jefa ɗaya a kai, mai tsire ya yanko 'yar tsoka ya ce ɗanɗana. Ita kalmar ma har wasu ƙabilu sun are ta suna cewa jara. Ta huɗu bashin mutunci: littafin da mai shagon unguwa yake ajiyewa don ma'aikacin da albashinsa ya yi jinkiri. Wanda ka rufa wa asiri ranar 25 ga wata ba zai tsallake shagonka ranar 1 ga wata ba.

Idan muka duba da idon basira, yawancin abin da manyan kamfanoni suke yi yau waɗannan abubuwa ne aka sa wa sabuwar riga. Kyautar katin waya da ake ƙara wa wanda ya saya da yawa gyara ce. Saƙon barka da Sallah da banki yake turowa da sunanka kwaikwayon gaisuwar mai shago ne, sai dai na'ura ce take yi. Biya kaɗan-kaɗan da masu sayar da firiji da waya suke tallatawa littafin bashi ne da aka yi wa takarda da sa hannu. Saboda haka babu dalilin da zai sa ɗan zango ya ji ya zama baƙo a wannan fage.

Amma akwai wasu dabarun da ya kamata mu san yadda suke aiki, don kada a ci mu da su kuma kada mu ci wasu. Sidi 99 an yi shi ne don ido yana tsayawa a kan lambar farko, zuciya ta ɗauka kuɗin bai kai ɗari ba. Wannan ba ƙarya ba ce, farashin a rubuce yake, mai hankali sai ya lura. Akwai kuma wanda zai rubuta sidi 300 ya ja masa layi ya sa 200 a ƙasa, alhali bai taɓa sayar da kayan a 300 ba. Wannan ƙarya ce tsagwaronta. Akwai mai cewa saura guda biyu, ko yau ne ranar ƙarshe, don ya hana ka komawa gida ka yi shawara, ga kuma kwalaye jibge a bayan shago. Akwai mai rage cikin leda ya bar farashi yadda yake, da mai bubbuga gindin olonka ya lotsa ciki don awo ya ragu. Akwai kuma mai sa abokansa su taru a teburinsa suna taya kaya da tsada don baƙo ya ruɗu, ko su cika shafinsa da yabon kayan da ba su taɓa saye ba.

Wanda ya zauna gaban malam ya karanci babin ciniki a Risala ko wani littafin fiƙihu ya san waɗannan duka an yi maganarsu tun da daɗewa. Tayin ƙarya don a ruɗi wani shi ake kira najashi, kuma an hana. Barin nono ya taru a hantsar dabba kwana da kwanaki don mai saye ya zaci mai yawan nono ce an hana, ragon da aka ɗura wa ruwa kuwa ɗan'uwan wannan ne. Tauye mudu sura guda aka saukar da sunan masu yin sa. Hadisi ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannunsa cikin tsibin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tuhumi mai shi a kan me ya sa bai ɗora jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani ba. Hoton da aka wanke da manhaja har atamfa ta canza launi, mene ne bambancinsa da wannan tsibi? Rantsuwa kuma an gargaɗe mu cewa tana iya tafiyar da kaya, amma tana tafiya da albarkar.

Dokar ƙasa ma ba ta yi shiru ba. A nan Ghana, hukumar kula da abinci da magunguna ita take da alhakin amincewa da tallar magani kafin a watsa ta, har da na gargajiya. Muna faɗar wannan ne saboda 'yan'uwanmu masu sayar da sassaƙe da saiwoyi a tasha da cikin motoci. Sana'ar gado ce, muna girmama ta. Sai dai idan lasifika ta ce kwalba ɗaya tana maganin ciwon suga da hawan jini da rashin haihuwa da basir, wani mai ciwon zai ajiye maganin asibiti ya kama wannan. A nan abin ya wuce asarar kuɗi, rai ake magana.

Wani zai ce, ai kowa haka yake yi a kasuwa, me ya sa mu kaɗai za a ɗora wa wannan nauyi? Amsarmu ita ce, mu ba mu da yawa a ƙasar nan. Idan mutumin da ƙabilarsa ta cika gari ya yi ha'inci, sunansa ake kira. Idan ɗanmu ya yi, sai a ce mutanen zango. Wake ɗaya shi ke ɓata gari. Kuma sunan nan da ake ɓatawa shi ne yake ciyar da dubban gidaje. Ku duba yadda ake rubuta Hausa koko a jikin teburi daga Akra har Tamale, har waɗanda ba Hausawa ba suna sayar da kokonsu da wannan suna domin sun san yana jawo mutane. Waakye da kowa yake layi a kansa da safe daga kalmarmu ta wake ya samo suna. Tuwon zafi haka, fura haka. Kamfanoni suna kashe maƙudan kuɗi don a san sunansu a yarda da shi. Mu iyayenmu mata ne suka gina mana namu a bakin murhu, da asuba, shekara da shekaru. Dattawanmu da suka ga 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su bar ƙasa, sun fi kowa sanin amfanin maƙwabcin da zai buɗe baki ya ce wannan mutumin kirki ne, mun san shi.

Ba samari kaɗai muke yi wa magana ba. Mu manya ma muna da namu laifin. Akwai dattijon da yake da kaya mafi inganci a layinsu, amma ya zauna ya haɗe rai, mai saye ya yi sallama ya amsa da ƙyar, ya tambayi farashi a dube shi sama da ƙasa kafin a faɗa. Idan ɗansa ya ce bari ya ɗauki hoton kayan ya sa a waya, sai ya ce arziki na Allah ne. Gaskiya ne na Allah ne, amma in kana da kyau ka ƙara da wanka. Share gaban shago, jera kaya yadda ido zai so, rubuta farashi ɓaro-ɓaro, amsa saƙo a kan lokaci, koyon gaisuwa da harshen mai saye, babu ɗaya a ciki da ya saɓa wa tawakkali. Wanda ya ƙi waɗannan, mai lasifika zai kwashe masa mutane ko da kayansa ba su kai nasa ba.

Ga abin da muke roƙon kowane mai sana'a a zangunanmu, ko a rumfa yake ko a waya. Ka ɗauki hoton kayan da za ka aika, a hasken rana, ba na wani ba. Idan akwai aibi ka faɗe shi kafin a tura kuɗi, gyararre ka ce gyararre ne. Ka cire sunan Allah daga cikin tayi. Idan mai saye ya dawo da kaya yana nadama kuma bai ɓata su ba, ka karɓa ka mayar masa da kuɗinsa, malamai sun ce akwai lada babba a cikin haka, kuma mun sha ganin irin wannan mutum ya dawo da 'yan'uwansa. Ka ci gaba da gyara ko da 'yar kaɗan ce. Iyaye kuma, idan yaro ya buɗe kasuwanci a waya, ku tambaye shi me yake sayarwa, daga ina yake samowa, kamar yadda da za ku leƙa rumfarsa.

Mu ma masu saye mu taimaki kanmu. Araha ba ta ado. Wanda ya ga wayar sidi dubu biyu ana sayarwa ɗari biyar ya ruga, shi ma yana da hannu a abin da ya same shi. Idan kuma ka samu mai gaskiya, ka faɗa wa mutane, domin yabonka shi ne tallar da ba zai iya saya da kuɗi ba.

Yaron nan mai waya, bayan mako guda mahaifinsa ya kama hannunsa suka je har gidan mutumin suka sake ba shi haƙuri. Muna fatan idan ɗan wancan mutumin ya girma, mahaifinsa zai iya gaya masa abin da nasa mahaifin ya gaya masa game da mu. Wannan kuwa yana hannun kowane ɗayanmu da yake buɗe shago gobe da safe.

Allah ya sa albarka a cikin nemanmu, ya tsare mu daga cin haram, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.