Yawon Buɗe Ido: Shin Idon Yana Buɗewa Kuwa?

Da yawa daga cikinmu idan Allah ya kai mu bakin teku, abin da muke yi bai wuce mu ɗauki hoto, mu ci soyayyen kifi, mu dawo gida muna labarin girman ruwa ba. Wannan ne muke kira yawon buɗe ido. Ni kuwa a ganina, wanda ya wuni a bakin teku bai tambayi kansa abin da ya haɗa tsuntsun da ke shawagi a kansa da kifin da ke cikin kwanonsa ba, ya dai yi yawo, amma idonsa bai buɗe ba. Bari in kafa hujja da wani wuni da na yi a gaɓar tekun Ghana cikin watan Satumba, lokacin dogon hutu.

Na sauka ne a zangon Ashaiman, kusa da Tema. Bayan asuba muka karya da koko da ƙosai, mai masaukina ya raka ni tafkin Sakumo, wanda ke tsakanin Ankara da Tema. Tafki ne marar zurfi, ruwansa gaurayen na gishiri da na daɗi, kuma wani siririn tudun yashi da hanyar mota ke bi ta kansa shi ya raba shi da teku. A shekarar 1992 aka sa shi cikin jerin dausayoyin da duniya ta amince a kiyaye, bisa yarjejeniyar da aka ƙulla a garin Ramsar na Iran a 1971.

Da gari ya waye sai na ga tsoffin idon sani: ga balbela, ga zalɓe a tsaye cikin ruwa kamar an dasa shi, ga kirinjijiya suna fito. Amma baƙin su suka fi ɗaukar hankalina. Akwai wasu 'yan tsuntsaye farare-farare da ke tsere da igiyar ruwa a bakin yashi, in ta janye su bi ta suna tsinto ƙananan halittu, in ta dawo su ruga. Nauyin kowannensu bai wuce na ƙwan kaza ba, amma wasunsu a Girinlan, can kusa da ƙuryar arewacin duniya, aka ƙyanƙyashe su. Akwai kuma tsuntsun da Turawa ke kira tan, wanda nakan kira wa ɗalibaina shi tsattsewar teku saboda wutsiyarsa mai baki biyu. Wani jinsinsa yakan yi tafiyar kimanin kilomita 70,000 a shekara, daga ƙuryar arewa zuwa ƙuryar kudu da dawowa. Bahaushe ba baƙon irin wannan ƙaura ba ne. Shamuwa da ke mana albishirin damina ai daga kudancin Afirka take dawowa.

To me ya kawo waɗannan baƙi gaɓar Ghana a daidai wannan lokaci? Amsar na same ta da hantsi, a inda jiragen kwale-kwale ke sauke kifi a Tema. Daga watan Yuli zuwa Satumba, ruwan sanyi na ƙarƙashin teku yakan taso sama, ya kawo sinadaran da suka kwanta a ƙasa, tamkar dai an zuba wa gona taki. Sai ƙananan tsirran ruwa, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma, su yi yawa. Ƙananan dabbobin ruwa su ci su, kifin sadin da danginsa su ci waɗannan, sannan tsuntsu da ɗan Adam su zo su ɗebi rabonsu. Tsattsewar teku ba ta iya nutso mai zurfi, daga sama take faɗowa ta cafki kifin da ke kusa da fuskar ruwa. Don haka inda ta taru, nan kifi yake, kuma masunta a ƙasashe da dama sun daɗe suna bin alamarta kafin su jefa taru.

Da azahar muka zauna a rumfar wata mai abinci, aka kawo dokunu da soyayyen kifi da yajin nan baƙi da suke kira shito. Ina cikin ci mai masaukina ya ce, "Malam, wai me kuke samu ne a kallon tsuntsu? Mu nan mun ɗauka aikin Turawa ne da suka ƙoshi." Tambayarsa tana bisa hanya, kuma na san akwai masu karatu da yawa da ke da irinta. Mai neman na tuwo ina ruwansa da tsuntsu? Na nuna masa kifin da ke gabanmu, na ce shi da tsuntsun akushi ɗaya suke ci. Masana sun tabbatar cewa sadin ya ragu ainun a tekun Ghana saboda kamun wuce kima, har gwamnati ta hana masu kwale-kwale fita na tsawon wata guda a 2019 domin kifi ya samu sararin haihuwa. Tun kafin wannan doka, masuntan Ga ba sa shiga teku ran Talata bisa al'adarsu. Ƙirga kifi a cikin teku sai da jirgi da kayan aiki masu tsada. Ƙirga tsuntsu kuwa ido ne da fensir da littafi. Idan aka daɗe ana ƙirgawa a wuri guda, raguwarsu takan zama gargaɗi cewa wani abu ya taɓa ruwan.

Akwai kuma darasin da ya shafi 'yan makaranta kai tsaye. Tun 1899 wani malamin makaranta a Denmak mai suna Mortensen ya fara sa wa tsuntsaye zoben ƙarfe mai lamba a ƙafa, domin a san inda suke zuwa. Irin waɗannan zobba ne suka nuna cewa wani jinsin tsattsewar teku mai jaja-jajan ƙirji, wanda ke haihuwa a tsibiran Birtaniya da Ailan, yana ƙarewa a tarkon yara a gaɓar Ghana. Yaran kan ɗana zarge a yashi, su sa kifi. A 1985 aka fara wani shiri na ceton tsuntsayen gaɓa, wanda Farfesa Yaa Ntiamoa-Baidu ta jagoranta, kuma cikin manyan dabarunsa har da kafa ƙungiyoyin kula da namun daji a makarantu. Wato an gane cewa yaron da ya san daga inda tsuntsu ya fito, da wuya ya sa masa zarge don wasa.

Sai dai ban bar Sakumo da farin ciki zalla ba. Gine-gine sun ci gefen tafkin, ledoji da ruwan kwatami suna kwarara cikinsa. Sunan wuri a takardar yarjejeniya bai isa ya tsare shi ba, in mutanen da ke kewaye da shi ba su san darajarsa ba. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Mu ma muna da dausayin Haɗeja da Nguru, inda agwagin ruwa daga Turai ke yin hunturu, kuma madatsun Tiga da Calawa da ciyawar kacala sun sauya yadda ruwa ke malala a cikinsa.

Saboda haka ina kira ga malaman kimiyya da kada su jira sai an samu kuɗin zuwa teku. Kowane gari yana da tafki ko fadama ko kududdufi. A zaɓi guda, a kai ɗalibai da sassafe sau ɗaya a wata, su rubuta rana da lokaci da irin tsuntsayen da suka gani da yawansu. Wanda ba su san sunansa ba su zana shi, su tambayi masunta da mafarauta da dattawa, domin sunayen Hausa na tsuntsaye ma suna ɓacewa. A ajiye littafin a makaranta, aji ya gādar wa aji. Bayan shekara biyar, wannan littafi zai faɗi abin da ba ya cikin kowane littafin karatu.

Ku kuma ɗalibai, duk wanda Allah ya nufa da ganin teku, ya ci kifinsa, ya ɗauki hotonsa, amma ya fita da sassafe, ya zauna shiru na sa'a guda, ya tambayi mai abinci daga ina kifin ya zo, kuma shin bana ya kai na bara yawa. An ce tafiya mabuɗin ilmi, amma sai matafiyin ya yi tambaya. Allah ya sa mu dace.