Harajin kujera

A kasuwar Madawa, dillalin albasa yakan zauna a rumfa tun hantsi har la'asar, shayi a gefe, yaro na kai da kawowa. A Buza da Keita, ma'aikacin gwamnati yana wuni kan kujerar buro, in ya tashi sai babur, ko da masallaci za shi. Jama'a su ga tumbi su ce Allah ya buɗa. Likita kuwa hawan jini da ciwon suga yake hange.

Waɗannan cututtuka ba masassara ba ce da ake sha wa magani kwana uku a miƙe. Haraji ne da ake biya kowane wata har ƙarshen rai: ƙwaya, awon jini, kuɗin mota zuwa asibitin Galmi ko Tawa, wani zubin har Yamai. Ɗan kasuwa ya fara da riba, ya gangaro kan uwar kuɗi. Ma'aikaci ya cinye albashin watan gobe tun bai zo ba. Ran da ɓarin jiki ya shanye, rumfa ta rufe, gida mai baki goma ya koma hannun dangi.

A 2022 Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tsakanin 2020 da 2030 kusan mutum miliyan 500 za su kamu da cututtukan da rashin motsa jiki ke jawowa, jinyarsu kuma za ta ci dalar Amurka miliyar 27 kowace shekara. Ƙasashe masu inshora suna kuka da wannan nauyi, balle Adar, inda yawanci aljihun mai gida ne inshora.

Gwamnati ta yafe kuɗin jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 a 2006, ta rage kuɗin asibitocinta da rabi a 2024. Madalla. Amma kowane wata mai hawan jini na gaban farmasi da takardarsa.

Rigakafin kuwa ba ya cin ko dala: tafiyar minti 150 a mako, wato rabin awa kwana biyar. Matan Keita da suka ɗauki duwatsu a ka a aikin raya karkara da aka soma a 1984 ba sa buƙatar wannan nasiha; masu kujera ke buƙatarta. Ya kamata hukumomin gari da shugabannin ƴan kasuwa su kawo awon jini bakin rumfuna kowace ranar kasuwa. Wanda ya ƙi taka ƙasa yau, gobe ɗaukarsa za a yi, kuma da kuɗinsa.